Kukrit Pramoj: ɗan jaridar da ya mulki Tailan da kujeru 18 kacal

A zaɓen ƴan majalisar dokoki da aka yi a ƙasar Tailan ranar 26 ga watan Janairun 1975, jam'iyyar Kukrit Pramoj ta tashi da kujeru 18 cikin 269. Ita ce ta biyar. Duk da haka, kafin a cika watanni biyu da zaɓen, shi ne ya zama firaminista, kuma kujerar da ya hau ɗin daga hannun yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ta suɓuce. Har yau, duk lokacin da aka gama zaɓe a wannan ƙasa aka shiga cinikin kafa gwamnati, sai ka ji ƴan jarida a birnin Bankok sun tuno da sunansa. An tuno da shi a 2023, lokacin da jam'iyyar matasa ta Move Forward ta zo ta ɗaya da kujeru 151 amma ta ƙare a ɓangaren adawa, saboda sanatoci 250 da sojoji suka naɗa suna da ƙuri'a wajen zaɓen firaminista, kuma akasarinsu ba su bai wa ɗan takararta ba.

An haifi Kukrit ranar 20 ga Afrilun 1911 cikin jirgin ruwa a kan kogin Chao Phraya, a lardin Sing Buri. Jinin sarauta ne, tattaɓa kunnen Sarki Rama na Biyu, mahaifinsa kuma babban jami'in ƴan sanda. Kamar sauran ƴaƴan manyan gidaje na zamanin, an tura shi Ingila karatu, inda ya karanta falsafa da siyasa da tattalin arziki a jami'ar Oxford. Yana can a watan Yunin 1932 wasu matasan hafsoshi da ma'aikatan gwamnati suka kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko, suka ɗora ƙasar bisa kundin tsarin mulki. Ya koma gida ya tarar an karɓe iko daga hannun danginsa. Ya yi aiki a ma'aikatar kuɗi, ya yi aikin banki a garin Lampang da ke arewa, daga bisani ya koma babban bankin ƙasa.

Siyasarsa ta fara ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yayansa Seni Pramoj, wanda yake jakada a Amurka lokacin yaƙin kuma ya ƙi bin gwamnatin da ta haɗa kai da Japan, ya dawo ya zama firaminista a 1945. A wannan shekara Kukrit ya kafa ƙaramar jam'iyya ta masu ra'ayin sarauta, wadda a 1946 ta narke cikin jam'iyyar Demokrat, jam'iyyar da har yanzu tana nan.

A nan ne tabo na farko ya hau tarihinsa. Ranar 9 ga Yunin 1946 aka tsinci gawar matashin sarki Ananda Mahidol a ɗakinsa da harsashi a ka. Firaministan lokacin shi ne Pridi Banomyong, jagoran farar hula na juyin 1932. Masu ra'ayin sarauta, da ƴan Demokrat a cikinsu, suka yi ta jifansa da zargi kan mutuwar, zargin da ba a taɓa tabbatarwa ba. Wannan yaɗa jita-jita ya share wa sojoji hanya suka yi juyin mulki a Nuwamban 1947, Pridi ya tsere, bai sake zama a ƙasarsa ba har ya mutu a Faransa a 1983. Sojojin sun bai wa shugaban Demokrat, Khuang Aphaiwong, kujerar firaminista, sannan cikin watanni biyar suka ce masa ya sauka. Ɓangaren su Kukrit ya taimaka an kayar da abokin gaba, amma riba ta tafi bariki. Daga nan, in ban da ɗan taƙaitaccen lokaci, masu kaki ne suka riƙe ƙasar har shekara 25.

A waɗannan shekaru Kukrit ya koma ga alƙalami. A 1950 ya kafa jaridar Siam Rath, kuma sharhin da yake rubutawa kusan kullum ya mai da shi mutumin da manya da ƙanana suke son jin ta bakinsa. Yana da kaifin harshe da barkwanci, yakan zolayi janar-janar ta hanyar da ba za su iya kama shi da laifi ba. A cikin jaridar ne ya riƙa fitar da labarinsa mafi shahara, Si Phaendin, wato zamanin sarakuna huɗu, labarin wata yarinya mai suna Phloi da aka kai fada tana ƙarama a zamanin Sarki Chulalongkorn, ta ga duniyar da ta sani tana rushewa a hankali har zuwa 1946. Ya rubuta wani kuma kan limamin addinin Buda da wani ɗan kwaminis da suke jayayya a ƙauye guda. Shi gwanin rawar gargajiya ta fada ne da ake yi da abin rufe fuska, har ya kafa ƙungiyar ɗalibai masu koyonta a jami'ar Thammasat.

Rubutun nasa ba nishaɗi ba ne kawai. Shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari wajen maido da martabar sarauta a zukatan jama'a bayan ta dusashe, kuma ya sha bayyana cewa Tailan tana da nata salon mulki, wanda sarki ke tsaye a samansa yana tsare talaka daga zaluncin masu iko. Sojojin da yake zolaya sun ji daɗin wannan hujja, domin su ma da sunan kare sarki suke mulki.

Wani abin dariya ya faru a 1963. Masu shirya fim ɗin Amurka mai suna The Ugly American, wanda Marlon Brando ya fito a ciki, sun ɗauki Kukrit ya ba su shawara, ƙarshe suka ba shi rawar firaministan wata ƙasar almara ta kudu maso gabashin Asiya, wadda ke matse tsakanin Amurka da ƴan kwaminis. Bayan shekaru 12 ya tsinci kansa a wannan matsayi, wannan karon babu kyamara.

A watan Oktoban 1973 gwamnatin Fil Mashal Thanom Kittikachorn ta kama mutane 13 saboda sun raba takardun neman a rubuta kundin tsarin mulki. Ɗalibai suka fito, jama'ar gari suka mara musu baya har taron ya kai dubban ɗaruruwa. Ranar 14 ga wata sojoji suka buɗe wuta, hukuma ta ce mutane 77 ne suka mutu. Kan sojojin ya rabu, Sarki Bhumibol ya sa baki, Thanom da manyan abokan mulkinsa biyu suka bar ƙasar. Sarki ya naɗa shugaban jami'ar Thammasat, tsohon alƙali Sanya Dharmasakti, ya riƙe gwamnati.

Hanyar da aka bi aka samar da majalisar riƙon ƙwarya abin lura ce. Sarki ya zaɓo mutane 2,347 daga sassa daban-daban na al'umma, manoma da direbobi da malamai da ƴan kasuwa da hafsoshi. Da yake babu zauren da zai ɗauke su, sai aka tara su a filin sukuwar dawaki na Bankok, suka zaɓi 299 daga cikinsu. Waɗannan 299 suka ɗora Kukrit a kan kujerar shugaban majalisa, kuma a gabansa aka yi muhawarar sabon kundin tsarin mulki har aka ƙaddamar da shi ranar 7 ga Oktoban 1974.

Kundin ya yi ƙoƙarin toshe ƙofofin da sojoji suke shigowa. Ya ce dole firaminista ya kasance zaɓaɓɓen ɗan majalisa. Ya hana ma'aikacin gwamnati ko soja mai ci riƙe kujerar minista. Ya wajabta wa ɗan takara tsayawa ƙarƙashin jam'iyya, ya kuma ce sabuwar gwamnati sai ta gabatar da manufofinta ta nemi ƙuri'ar amincewa kafin ta kama aiki. Ɗaliban da suka zubar da jini ba su samu duk abin da suka nema ba: sun so a sauke shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18, an bar shi a 20, sun so majalisa guda ɗaya, aka kafa ta dattawa wadda naɗa ta ake yi. Sarkin da kansa ya nuna rashin amincewa da wani sashe da ya ɗora naɗin sanatoci a wuyan shugaban majalisar mashawartansa, yana ganin hakan zai jefa fada cikin siyasa, aka gyara sashen a farkon 1975.

Abin da masu rubuta kundin ba su yi wa tanadi ba shi ne yawan jam'iyyu. Bayan shekaru da dama na takura, duk mai kuɗi ko mai mabiya ya kafa tasa. Fiye da 40 suka shiga zaɓen 1975, 22 suka samu kujera. Demokrat ta Seni ta zo ta ɗaya da 72, alhali ana bukatar 135. Seni lauya ne mai taka-tsantsan, ya ƙi haɗa gwamnati da jam'iyyun tsofaffin hafsoshi da attajiran da suka ci da gwamnatin Thanom. Ya kafa gwamnatin marasa rinjaye, ya je gaban majalisa ranar 6 ga Maris neman amincewa, aka kayar da shi.

Ƙanen ba ya da wannan ƙyanƙyami. Jam'iyyarsa ta Kit Sangkhom, wato aikin al'umma, wadda ya kafa a 1974 tare da ma'aikacin banki Boonchu Rojanastien, ƙarama ce, amma ya karanci majalisar fiye da kowa. Jam'iyyun dama suna da kujeru masu yawa, sai dai a 1975, jinin ɗalibai bai bushe ba, babu wani tsohon janar da zai hau kujerar firaminista titi ya yi shiru. Suna bukatar fuskar da jama'a za su karɓa, mai kusanci da fada, wadda ɗalibai ba za su kira ɗan kama-karya ba. Kukrit ya miƙa musu tasa fuskar, ya karɓi kujerar sama. Jam'iyyar Chart Thai mai kujeru 28 ta samu ma'aikatar tsaro ta hannun Pramarn Adireksarn, da ta harkokin waje ta hannun surukinsa Chatichai Choonhavan, dukansu tsofaffin hafsoshi. Shi kuma ya riƙe ma'aikatar kuɗi ya bai wa Boonchu. Sauran ƙananan jam'iyyun aka raba musu muƙamai gwargwadon yawan ƴan majalisar da kowacce ta kawo. Ranar 14 ga Maris 1975 ya zama firaminista.

Bai yi wata biyu a ofis ba yankin ya kife. Ranar 17 ga Afrilu birnin Phnom Penh na Kambodiya ya faɗa hannun Khmer Rouge, ranar 30 ga wata Saigon ta faɗi, kafin ƙarshen shekara an soke sarautar Lawos. Tailan, wadda daga filayen jiragenta Amurka ta yi shekaru tana ruwan bama-bamai a kan waɗannan maƙwabta, ta wayi gari uban gidanta yana tattara kaya. Tun a jawabin manufofinsa Kukrit ya yi alkawarin sojojin Amurka za su fice cikin shekara guda. A watan Mayu, da Khmer Rouge suka kama jirgin ruwan Amurka mai suna Mayaguez, Washinton ta sauke dakarunta a sansanin U-Tapao ta kai farmaki daga can ba tare da izinin gwamnatinsa ba. Ya yi zanga-zangar diflomasiyya mai zafi, Amurka ta aiko da takardar nuna nadama. Abin da lamarin ya tona shi ne, Amurkawa sun saba magana da hafsoshin Tailan kai tsaye, firaminista farar hula sai dai ya ji daga baya.

Ranar 1 ga Yulin 1975 ya sa hannu a birnin Beijin tare da firaministan Sin Zhou Enlai, wanda ke kwance a asibiti, kan takardar ƙulla huldar jakadanci, ya kuma gana da Mao Zedong. Wannan a ƙasar da doka ta haramta kwaminisanci, kuma ƴan tawayen kwaminis da Sin ke tallafa wa suna daji suna yaƙi da gwamnati. Da wani ɗan hagu ne ya yi wannan tafiya, da an ce ya sayar da ƙasa. Jikan sarki ne kaɗai zai iya yin ta ya dawo lafiya. Huldar da ya buɗe ta wuce shekara 50 yanzu, kuma Sin ce babbar abokiyar cinikin Tailan.

A cikin gida, abin da ake tuna shi da shi shi ne kuɗin ƙauyuka. Gwamnatinsa ta ware baht miliyan 2,500 ta tura kai tsaye ga majalisun ƙananan gundumomin karkara da ake kira tambon, kusan rabin miliyan ga kowacce, domin a ɗauki manoma aiki da rani su gyara hanyoyi, su haƙa rijiyoyi da magudanan ruwa. An yi ta kukan cewa masu gari da ƴan kwangila sun ci rabonsu, kuma wasu hanyoyin damina ɗaya ta wanke su. Amma a ƙasar da komai sai an jira Bankok, wannan ne karon farko da aka ce wa ƙauye ga kuɗi, ku zaɓi abin da za ku yi. Ya kuma fito da jinya kyauta da shiga bas kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi. Shirye-shiryen da Thaksin Shinawatra ya ci zaɓe da su a 2001, asusun ƙauye da jinya mai rahusa, suna da kama da waɗannan.

Sai dai gwamnatin da ta iya zuwa Beijin ta kasa tsare ran manomi a Chiang Mai. A 1975 an yi ta harbe shugabannin ƙungiyar manoma ta ƙasa ɗaya bayan ɗaya, musamman a arewa, inda suke neman a yi aiki da dokar rage kuɗin hayar gona. Ƙungiyoyin ƴan daba na dama, irin su Krathing Daeng, suna jefa gurneti cikin taron ɗalibai da rana tsaka, kuma kowa ya san akwai jami'an tsaro a bayansu. Wasu daga cikin masu ɗaure musu gindi suna da abokai a teburin majalisar ministoci. A watan Agusta, bayan gwamnati ta saki wasu manoma da ɗalibai da aka kama, ƴan sanda cikin kaki suka yi zanga-zanga, suka fasa gidan firaministan da ke unguwar Suan Phlu, suka farfasa kayan tarihin da ya yi shekaru yana tarawa. Ba a ga wani hukunci mai tsanani ya biyo baya ba. Magoya bayansa sun kira wannan haƙuri na dattijo. Ga masu riƙe da bindiga kuwa, alama ce cewa gwamnatin ba ta da haƙori.

Ƙawancen ma ya fara ruɓewa daga ciki. Ƴan majalisar da ba su samu muƙami ba suna barazanar ficewa, waɗanda suka samu suna neman ƙari. A farkon Janairun 1976 ma'aikata suka shiga yajin aiki a Bankok saboda shirin gwamnati na ɗaga farashin shinkafa don manomi ya samu riba. Wannan ita ce shinkafar da buhunanta ke cika kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma a can gida rikicinta tsoho ne: in ta yi tsada birni ya yi kuka, in ta yi arha ƙauye ya yi. Kukrit ya yi garambawul ya shigo da wata jam'iyya don ƙara ƙuri'u, abin ya ƙara fusata na ciki. Ƴan adawa suka shirya ƙuri'ar yanke ƙauna, manyan hafsoshi kuma suka nuna ba za su lamunci gwamnatin da ƴan gurguzu za su shiga ba. Ranar 12 ga Janairu ya rusa majalisa.

Yaƙin neman zaɓen da ya biyo baya ya sha jini. An kashe mutane da dama, ciki har da sakatare janar na jam'iyyar gurguzu, malamin jami'a Boonsanong Punyodyana, wanda aka harbe a watan Fabrairu. A zaɓen 4 ga Afrilu jam'iyyar Kukrit ta haura daga kujeru 18 zuwa 45, amma shi kansa ya faɗi. Ya tsaya ne a mazaɓar Dusit ta Bankok, wadda ke cike da barikoki, sojoji da iyalansu suka juya masa baya. Cikin waɗanda suka doke shi akwai Samak Sundaravej, wanda shi ma ya zama firaminista a 2008. Da yake kundin da aka rubuta a gabansa ya ce sai ɗan majalisa ne zai zama firaminista, ƙofa ta rufe. Seni ya dawo da kujeru 114, kuma a wannan karon ya haɗa gwamnati da jam'iyyun da ya ƙi a bara.

Bai kai wata shida ba. A watan Satumba Thanom ya dawo ƙasar sanye da rigar limaman Buda, ɗalibai suka taru a Thammasat suna neman a kore shi. Da asubahin 6 ga Oktoban 1976 ƴan sanda da ƴan daba suka afka wa jami'ar. Hukuma ta ƙirga gawa 46, waɗanda suka tsira suna cewa adadin ya zarce 100. Da yamma sojoji suka karɓi mulki suka soke kundin 1974, saura kwana ɗaya ya cika shekara biyu.

Kukrit bai bar fage ba. A ƙarƙashin kundin 1978, wanda ya cire sharaɗin cewa sai ɗan majalisa zai shugabanci gwamnati, jam'iyyarsa ta zama mafi yawan kujeru, kuma ya kai ta cikin gwamnatin Janar Prem Tinsulanonda, wanda ya yi mulki daga 1980 zuwa 1988 ba tare da ya taɓa tsayawa zaɓe ba. A 1983 aka ga ɗayar fuskarsa. Kundin yana da wasu sassa na wucin gadi da suka bai wa sanatocin naɗi ƙarfin ƙuri'a a manyan batutuwa, suka kuma bar hafsoshi masu ci su riƙe kujerun minista. Wa'adinsu zai ƙare a Afrilun wannan shekara. Babban hafsan sojan ƙasa, Janar Arthit Kamlang-ek, ya matsa a yi wa kundin gyara don su ɗore. Kukrit ya tsaya kai da fata a majalisa da kuma a jaridarsa, gyaran ya faɗi da ƙuri'u kaɗan a watan Maris. Prem ya rusa majalisa, aka yi zaɓe, Kit Sangkhom ta zo ta ɗaya da kujeru 92, ninki biyar na abin da Kukrit ya hau mulki da shi a 1975. Bai nemi kujerar ba. Ya sake mara wa Janar Prem baya.

A ƙarshen 1985 ya ajiye shugabancin jam'iyyar, shekarar da aka ba shi lambar gwarzon adabi na ƙasa. Ya ci gaba da rubutu, ƴan siyasa na ta zarya a gidansa neman shawara ko neman kada ya sa su a gaba. Ya rayu har ya ga watan Mayun 1992, lokacin da sojoji suka sake harbin masu zanga-zanga a Bankok saboda wani janar da bai tsaya zaɓe ba ya zama firaminista, aka kuma maido da sharaɗin nan na 1974 cikin kundin ƙasa. Kundin 2017, wanda shi ne na 20 tun daga 1932, ya sake cire shi.

Kukrit Pramoj ya mutu ranar 9 ga Oktoban 1995 yana da shekara 84, bayan fama da ciwon zuciya da ciwon suga. Seni ya bi shi a 1997. Jam'iyyar da ya kafa ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace daga majalisa. Gidan da ƴan sanda suka fasa, rukunin ɗakunan katako na gargajiya da ya sayo daga sassan ƙasar ya harhaɗa, an mai da shi wurin tarihi a unguwar Sathon, dogayen benayen bankuna sun kewaye shi.